Ƙaurar Gwaggo Mai Goɗiya

Ba mu sami jana'izar Gwaggo ba. Da hantsi aka kira Babanmu a waya daga ƙauyen da take zaune, can bayan Shanono, aka ce ta cika. Kafin mu tattara kanmu daga Ungogo, mu sami mota, mu sha ramukan hanya, mutanen gari sun yi mata sutura sun kai ta makwancinta. Abin da muka tarar shi ne tabarmi a ƙofar gida, da butoci, da maza kaɗan a zaune suna jan carbi. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ita ta riga mu, ko fuskarta ba mu gani ba.

Babanmu, ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce a nuna masa kabarin. Ya daɗe a tsugune a can. Da ya dawo sai ya zauna a bakin tabarma ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, abin da ban taɓa ganin ya yi a cikin mutane ba.

A cikin gida mata sun kasu biyu. Na ƙauyen suna gefe guda, suna gaishe mu da ladabi: "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Baƙuwa." Baƙuwa suke ce mata, duk shekarun da ta yi a cikinsu. Wata ta ce ba ta da fitina. Wata ta ce hannunta a sake yake. Daga nan magana ta ƙare musu, don iyakar abin da suka sani ke nan. Namu na Ungogo kuwa bakinsu bai mutu ba. Matar wani baffanmu ta dubi ɗakin ƙasa, ta dubi dangar kara, ta ce a hankali amma yadda kowa zai ji, "Yanzu saboda dabba mutum ya zo ya mutu a nan?" Wata tsohuwar ƙawar Gwaggo ta ce, "Taurin kai ne ya kawo ta. Allah dai Ya yafe mata." Aka ce amin.

Ni ban iya bin su da amin ɗin ba. Na ga in aka tashi daga zaman makokin nan, abin da zai rage na Gwaggo ke nan: a nan Baƙuwa, a can mai taurin kai. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani. Ni 'yar ƙaninta ce, a ɗakinta na yi rabin ƙuruciyata, kuma ni na fi kowa zuwa wurinta bayan ta ƙaura.

Gwaggo ta haihu, amma ba ɗan da ya kai yaye. Ba ta yin maganar, mu ma ba ma yi. Mijinta manomi ne, yana kuma kiwon goɗiya, in ta haihu ya sayar da duƙushin. A lokacin unguwarmu gonaki ce zalla. In ka tsaya a ƙofar gidansu ba abin da za ka gani sai dawa da gero da bishiyoyin ɗorawa, birni kuwa sai ranar da aka yi niyyar shiga. Shekarar da ciwon ajali ya kwantar da mijin, goɗiyar ta haifi 'yar duƙusa, ta mutu wurin haihuwar. Kowa ya ce ita ma 'yar ba za ta yi rai ba. Gwaggo ta sa aka shigar mata da ita ɗakin girki. Tana jinyar miji a ɗaki, tana fitowa ta tsoma tsumma a nonon akuya ta matsa wa duƙusa a baki. Mijin ya tafi, duƙusar ta miƙe. Ta sa mata suna Auta.

Da aka zo rabon gado, 'yan'uwan mijin suka ce a sayar da dabbar, a yanka wa Gwaggo rabonta a gona. Ta ce a bar mata ɗakinta da tsakar gida da Auta, su riƙe gonar. Babanmu ya ja ta gefe.

"Yaya, gona fa ita ce dukiya. Wannan ci kawai za ta yi."

"Kai yaron nan," in ji ta, ko da yake gemunsa ya fara fari, "in na yi sallama a gona, wa zai amsa mini?"

Auta kam tana amsawa. In Gwaggo ta dawo daga unguwa, tun tana zaure goɗiyar take fara haniniya ƙasa-ƙasa tana buga ƙafa. Ja ce, da farin goshi, ba wata mai kyau ta a zo a gani ba. Ba a taɓa ɗora mata sirdi ba. An kai ta wurin ingarma ba sau ɗaya ba, ba ta ɗauka ba. Da aka ce a sake gwadawa, Gwaggo ta ce, "A ƙyale ta. Gidanmu ba na 'ya'ya ba ne."

Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ne sana'ar Gwaggo, kuma duk abin da ta samu biyu take raba shi. Da ta idar da sallar asuba, gindin turken Auta take fara sharewa kafin nata ɗakin. Ta jiƙa mata kanwa, ta dama dusa, sannan ta ɗauki wani tsohon mataji mai karyayyun haƙora ta taje mata geza, suna hira. Hira sosai nake nufi. Labarin tsadar gyaɗa, da wanda ya yi aure, da wanda ya saki matarsa, duk Auta ta riga mu ji. In na yi dariya sai Gwaggo ta ce, "Yi dariyarki. Tun da nake gaya mata magana ban taɓa jin ta a bakin wani ba."

Ba ta da sauƙi, kar a ce na yi mata kwalliya. In ta ce a'a, ko liman ka ɗauko a'a ce. Ta taɓa korar mai tallan atamfa da muciya don ya jingina kekensa a turken Auta. Amma takin goɗiyar nan, da masu lambu suke bi su saya, ba ta taɓa karɓar ko sisi a kansa ba. Zawarawan unguwa take aika wa su zo su kwasa su zuba a 'yan gayauninsu. In yaro ya tashi daga ciwo yana ƙin abinci, uwarsa takan kawo shi, Gwaggo ta ɗora shi a bayan Auta ta riƙe shi ta zaga tsakar gida da shi, ta ce, "Mahayi ba ya zama da yunwa." Ya sauko ya shanye kunu.

Sannu a hankali gari ya iso mu. Magadan suka sayar da gonar ga dillalan filaye, maƙwabtansu suka bi. Wata damina aka shuka dawa, wata daminar aka shuka bulo. Aka sare ɗorawa. Kududdufin da take kai Auta shan ruwa aka cike shi da shara aka yi gini a kai. Hanyar da take bi ta yanko ciyawa ta wayi gari an ja katanga a tsakiyarta. Ciyawar da ake samu kyauta ta koma harawar saye, harawar kuma kullum ƙara kuɗi take yi, ɗaurin yana ƙanƙancewa. Na sha zuwa na tarar ta sha kunu kawai ta kwanta, komin abincin Auta kuwa cike. Rannan goɗiyar ta haɗiyi leda a cikin shara, ta kwana biyu tana murƙususu, da ƙyar ta sha.

Sai wani Alhaji, ma'aikaci daga birni, ya gina bene jikin katangarta, tagoginsa suna kallon tsakar gidanta. Ba mugu ba ne. Ya yi haƙuri wata da watanni kafin ya kai magana gaban mai unguwa. Ni na raka ta.

"Hajiya, wallahi ba raini ba ne," in ji shi. "Ƙuda ya hana mu buɗe taga. Yara ba sa iya cin abinci don wari. Nan fa yanzu gari ne."

"Ban je Makka ba, kar ka ɗora mini," ta ce. "Ranar da ka zo duba filin, kurma ne kai? Ba ka ji haniniya ba? Mu ka tarar."

Mai unguwa ya yi ta lallashi, ya ce ita uwa ce, kuma gaskiya ne ita aka tarar. Amma ya ce ba Alhaji kaɗai ba ne, gidaje da yawa sun yi magana, kunya ce ta hana su fitowa. Wannan ne ya sare mata gwiwa. A hanyarmu ta komawa ta yi ta lissafo gidajen layin, tana tambayata, "Har da su? Su ma?" A cikinsu akwai waɗanda ta ɗora 'ya'yansu a bayan Auta.

Mai kawo mata harawa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Shanono. Shi ya fara sa mata abin a rai. Ya ce a garinsu fili araha ne, ciyawa ba mai sayarwa, ga rafi, ga Fulani da shanunsu, ba wanda zai ce dabba tana wari. Ya ce akwai kangon gida jikin na mahaifiyarsa, masu shi sun koma birni. Gwaggo ta bi motarsa ta je ta gani, a tsakiyar damina, ko'ina kore shar. Ta dawo idonta yana ƙyalli kamar yarinyar da aka kai wa lefe.

"Abin da za a ba ni a ɗan ɗakin nan," ta ce wa Babanmu, "zai saya mini gida a can, da gayauna, har na yi rara."

"Wa kika sani a can, Yaya? In kika kwanta ciwo wa zai ba ki ruwa? Ki sayar da dabbar nan ki dawo gidana. Ga ɗaki nan."

"Da wurin turke?"

"Kin san babu."

"To ba ɗaki ke nan."

Suka yi ta ja har ransa ya ɓaci, ya faɗi abin da bai kamata ba. Ya ce, "Za ki bar ƙasar da aka binne mijinki da 'ya'yanki, ki bi jelar dabba?" Ban taɓa jin wani ya ambaci 'ya'yan nan a gabanta ba sai ranar. Ta tashi ta gyara ɗaurin zaninta ta fita. Cikin satin ta aika wa Alhaji mai bene cewa in yana son gidan ya zo.

Ranar tafiya aka kawo akori-kura aka loda gado da tukwane da turmi da kaskon suyar ƙuli-ƙuli. Aka jingina katako don Auta ta hau, ta ƙi. Ba ta taɓa shiga mota ba. Maza suka ja, suka tura, ta turje tana rawar jiki, idonta ya firfito. Mutanen layi sun fito suna kallo, wasu daga saman katanga. Gwaggo ta ce kowa ya matsa. Ta cire mayafinta a gaban jama'a, ita da ko zaure ba ta fita ba lulluɓi, ta rufe wa goɗiyar ido da shi, ta sa baki a kunnenta tana magana, tana ja da baya a kan katakon, Auta tana bin muryar har suka shige. Direba ya buɗe mata gaba ta ce a'a. A baya ta zauna, kan buhun gyaɗa, ragama a hannunta.

Har an ta da mota sai ga Babanmu da buhun dusa a kan keke. Bai gaishe ta ba, ba ta gaishe shi ba. Ya ɗaga buhun shi kaɗai, da tsufansa, ya jefa a motar, ya juya. Haka suka rabu.

Ba zan ce ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Da na je mata da kaka, a hutun makarantar da nake koyarwa, na tarar an jibge harawa a kan bishiyar tsakar gida, Auta ta yi ƙiba har gashinta yana sheƙi. Da yamma Gwaggo ta ja ta muka gangara rafi, ta sake ta a kan rairayi. Tsohuwar goɗiyar nan ta kwanta ta yi birgima, ƙafafu sama, ta tashi ta girgije ta zuba da gudu kamar duƙusa. Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Kin gani? Je ki gaya wa ubanki."

Ta kuma yi ƙawa guda, mahaifiyar mai harawa, maƙwabciyarta, tsohuwa siririya mai raunin ido. A kwano ɗaya suke cin tuwo. Ita kaɗai ce a garin take zama ta ji labarin Ungogo ta da, ita kaɗai ta san Gwaggo ta taɓa haihuwa.

Amma ƙauyen bai zama yadda aka zayyana mata ba. Ƙuli-ƙulinta bai karɓu ba, don kowane gida ana yi. Rarar da ta zo da ita ta narke a gyaran rufi da sayen hatsi. Filin da ta gani kore shar kuwa, ashe kowane taku da mai shi. An nome har bakin danga, an cinye burtalin shanu ya koma 'yar siririyar hanya. Da ruwa ya sauka doka ce kowa ya ɗaure dabbarsa. Sau ɗaya Auta ta tuge turke ta shiga waken wani, sai da aka je gaban mai gari, aka ce wa Gwaggo a yi hattara, baƙo ba ya fin ɗan gari. Ta dawo ta ce mini, "Can an ce gari ne, nan an ce gona ce. Ina ne na dabba?" Ciyawar ma sai a bakin gonaki ake samu, tsohuwa ta ɗauki lauje ta bi kan iyaka tana tsinta.

A damina ta uku zazzaɓi ya kwantar da ita. Aka kira ni, na tafi ranar Asabar. Kwanakin da ta yi a kwance, maƙwabciyar ce take ɗaukar lauje, da raunin idonta da ciwon bayanta, ta je ta yanko wa Auta ciyawa ta ɗauko a ka. Ba wanda ya sa ta.

Da na isa, Gwaggo ba ta ɗaki. Tana zaune a ƙasa gindin turke, jikinta zafi kamar garwashi, Auta a kwance a gabanta, kumfa yana fita daga bakinta, cikinta yana ɗagawa yana faɗuwa. An aika kasuwa a kira mai sayar da maganin dabbobi. Ya zo a babur, ya duba bakin goɗiyar, ya ɗauki ragowar ciyawar ya shinshina, ya murza a hannu. Ya rage murya ya ce mana ga alama daga gonar da aka yi wa feshin kashe ciyawa aka yanko ta, kuma ba a daɗe da yi ba, don ba ta fara ƙonewa ba. Ya ce abin ya riga ya bi jiki.

Gwaggo ta ɗago ta dube shi. "Ɗana, kai da Allah, kar na ji wannan magana a waje. Tsufa ne." Ta juyo kaina. "Ke ma."

Wani daga cikin mazan da suka taru ya ce gara a yanka ta tun da sauran rai, akwai masu sayen nama su kai kudu, ko ba komai a rage asara. Kallonsa kawai Gwaggo ta yi, ta yi ta kallonsa, har ya sa takalminsa ya fita.

Maƙwabciyar ta shigo tana lalube da sanda, ta durƙusa kusa da Gwaggo. "Ko dai wani abu na kawo mata? Idon nan nawa ba ya gani sosai. Ki gaya mini gaskiya."

"Ke dai da neman magana," in ji Gwaggo. "Ciyawarki ce ta riƙe ta kwanakin nan. Shekarunta ne suka cika. Ni da ke ma muna hanya."

Wajen la'asar Auta ta miƙe ƙafafu, ta ja dogon numfashi, shi ke nan. Kanta yana jikin cinyar Gwaggo. Aka ce a ɗaura wa shanun huɗa su ja ta bayan gari, Gwaggo ta ce sai dai a ja su tare, ita da Auta. Samari suka haƙa rami a gayaunarta, a tsakiyar gyaɗar da ta fara fure, aka binne ta a nan. Ban ga hawaye a idon Gwaggo ba, ranar ko bayanta. Abin da na lura da shi dai, in mun dawo daga wani wuri, ta daina sallama in za ta shiga gidanta. Sai ta tura ƙyauren kawai.

Na riƙe maganar ciyawar nan kamar yadda ta umarce ni. Yau na faɗa ne don maƙwabciyar ta riga Gwaggo tafiya. Shekara ba ta zagayo ba ta rasu, ba ta taɓa sani ba. Har ranar da ta kwanta suna cin tuwo a kwano ɗaya, kuma Gwaggo ce ta yi mata wanka. Daga nan ba ta da kowa a garin. Ana gaishe ta, ana aiko mata da abin sadaka, amma ba mai shigowa ya zauna.

Babanmu ya je, karo na farko tun rabuwarsu. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta kamar yaro ya ce ta yafe masa maganar da ya yi. Ta ce ta yafe tun a mota. Ya ce to ta tashi su tafi, yanzu ai ba abin da ya riƙe ta.

"Da wane ido?" ta ce. "Na fita ana kallona daga kan katanga. In koma a ce ga ta nan, ba gida, ba doki, ta zo cin tuwon ƙani?"

"Wa zai ce haka, Yaya?"

"Ba sai an ce ba."

Amma bayan ya fita ta riƙe hannuna ta ce na bincika mata a ɓoye, ko ɗaki ɗaya ne, ko a ƙarshen unguwa, in ta sayar da nan za ta iya saye a can? Na bincika. Na bi dillalai har inda adaidaita take juyawa. Abin da gidanta da gayaunarta za su kawo ba zai sayi wurin da za a haƙa masai a Ungogo ba. Ƙasar da ta bari ta yi tsada ta bar ta har abada. Da na gaya mata, sai ta gyaɗa kai ta ce, "To. Dama tambaya ce." Ba ta sake tayar da zancen ba.

Bara da rani ƙafafunta suka kumbura, na matsa mata sai da ta yarda na kawo ta asibiti a birni. Bayan an duba ta muka ɗauki adaidaita za mu gidan Babanmu ta kwana. Muna shiga Ungogo ta taɓa ni ta ce, "Mu bi ta layinmu. Ba sauka zan yi ba, gani kawai."

Na nuna wa mai adaidaita hanya. Tana leƙe, tana neman abin da za ta kama: bishiya, ko rijiya, ko wata tsohuwar katanga. Babu. An zuba kwalta, an yi kwata, benaye sun haɗe kafaɗa. Na ce ya tsaya. Inda gidanta yake, Alhaji ya rushe ya yi jerin shaguna, ɗaya na siminti, ɗaya na cajin waya, ɗaya ana aski da kiɗa yana tashi.

"Nan ne, Gwaggo."

"Ba nan ba ne."

"Wallahi nan ne. Ga benen Alhaji."

"Benaye nawa ne a garin? Kin manta ne." Ta yafito mai shagon siminti, wani magidanci da hula a ƙeya. Ya zo ya rusuna. Ta ce, "Ɗana, a nan wajen akwai gidan wata tsohuwa mai doki. Ka san shi?"

Ya yi ɗan tunani, ya kira mai aski ya tambaye shi, shi ma ya girgiza kai. "Doki, Iya? A nan? Tun da na kama shagon nan ban taɓa ji ba. Ko dai kun yi ɓatan hanya ne?"

"Haka ne," ta ce. "Mun yi ɓatan hanya. Allah Ya yi maka albarka."

Ta jingina da kujera ta rufe ido. Mai adaidaita ya waigo ya ce, "Ina muka nufa yanzu?"

"Gida," in ji Gwaggo.

"Wanne, Iya?"

Ta buɗe ido ta dube ni. Ta buɗe baki kamar za ta faɗa, ta rufe. Matar da ban taɓa ganin an tambaye ta abu ta rasa amsa ba. Muka zauna haka a bakin titi, motoci suna yi mana ham, har yaron ya gaji ya kashe injin.

Washegari ta ce a kai ta tasha, kuma ba wanda ya iya hana ta. Na sa ta a mota, na ɗora mata ledar magani a cinya, ta ce na koma kar na makara makaranta. Ganina da ita na ƙarshe ke nan. Ranar da ta rasu, an ce wata mata ce ta shiga aron rariya da safe ta tarar da ita a kan tabarmar salla, ta kife a gefe guda, jikin ya riga ya yi sanyi. Ba wanda ya san lokacin, ba wanda ya ji abin da ta faɗa. Gidan an sa masa kwaɗo, kuma a cikinmu ba wanda ya ce yana so.

Ya Allah, baiwarKa ce ta zo maKa, ba ɗa ba jika, ba kowa a kanta. Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta a baƙuwar ƙasa, Ka haɗa ta da 'ya'yan da ba ta yaye ba. Ka ba ta gidan da ba mai tashinta. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.